Wai da gangan yake yi

Maganar Yaya ce ta tsaya mini a rai tun la'asar.

Ina zaune da Auta muna karatu da ƙarfi kamar kullum. In muka haɗa murya, sai ka rantse yaron bai taɓa in'ina ba, shafi guda ya wuce sumul. Ina yin shiru, kalma ta uku ta maƙale masa. Leɓɓa a haɗe, harafin ya ƙi fita, har da runtse ido. Yaya ta ɗago daga wayarta ta ce, "Kin gani ko? Da gangan yake yi. Ba yanzu ya karanta lafiya lau ba?"

Auta ya rufe littafin, wai ƙishirwa yake ji. Bai dawo ba.

Na ce, "Haba Yaya, ai ba haka abin yake ba." Masu gyaran magana sun daɗe da sanin cewa mai in'ina in ya yi karatu tare da wani, in'inar kusan ɓacewa take yi. Haka in yana rera waƙa. Muryar ta biyu ce ke riƙe masa takun maganar, ana janye ta abin ya dawo. Santsin na aro ne. Ta ce, "To ya natsu ya ja numfashi mana." Kamar bai ji wannan shawarar sau dubu ba! Ita ce ma ke sa shi tsare bakinsa har ya ƙara ƙullewa.

Na gaya mata kusan yara 5 cikin 100 kan yi in'ina, galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, mafi yawansu su rabu da ita, wajen mutum 1 cikin 100 ya girma da abarsa, kuma maza sun fi yawa. Na kawo mata Joe Biden, da yake yaro yana karanta waƙoƙi gaban madubi, ya zama shugaban Amurka amma harshen bai daina yi masa gardama ba. Ta ce ni dai ba na rasa ta cewa. Muka yi dariya, ita ta wuce wurin, ni ban wuce ba.

 

Da dare Auta ya same ni shi kaɗai. Gobe akwai karatu a aji, layi-layi malamar ke bi. Ashe tun daga na farko yake ƙirga ɗalibai don ya gano sakin layin da zai faɗo kansa, ya dinga duba kalmomin da za su kayar da shi. Duk abin da ake karantawa ba ya jin ko ɗaya.

Na rubuta wa malamar takarda, ko ta fara kiransa, ko ta sa su karanta bibbiyu. Da na nuna masa sai ya ce, "Anti, kar ki sa a gane." Wai a gane. Shekara nawa suna aji ɗaya?

Takardar tana jakata, ban sa a tasa ba tukuna.