Ga Ƙannena Amare, Kan Maganar Tazarar Haihuwa

Nisan asibiti da kuɗin mota suna hana matan karkara yin tazarar haihuwa, amma mu da muke cikin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, inda asibiti yake kusa, abin da ya fi cin mu shi ne jita-jitar gidan suna, da kunyar tambaya, da tsoron abin da miji ko uwar miji za su ce. Ni ma sun ci ni, shi ya sa nake rubuto muku.

Na taso ina jin cewa mai goyo ba ta ɗaukar ciki, na kuwa dogara da hakan, sai ga ni da kwanika alhali ɗana bai fara tafiya ba. Aka yaye shi ba shiri, ya yi ta fama da zawo da rama. Shayarwa tana kare mace ne kawai idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zafin Garwa kuwa, wace mai jego ce ba a matsa mata ta ɗura wa jariri ruwa ba? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, domin jikin uwa ya mayar da jinin da ya rasa.

Kuskuren da ya fi damuna ya zo ne bayan na fara allurar tazarar haihuwa ta wata 3. Al'adata ta rikice, daga baya ta ɗauke, sai wata maƙwabciya ta ce jinin yana taruwa ne a mahaifa kuma zai hana ni haihuwa har abada. Tsoro ya kama ni, na daina, ban koma wurin ungozomar asibitin da ta yi mini ba ko don in tambaya. Gaskiyar ita ce babu jinin da ke taruwa. Allurar tana hana ƙwai fita, tana kuma sa bangon mahaifa ya yi siriri, don haka babu abin da zai zuba. Bayan an daina, ciki yana iya jinkirta na wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara, amma haihuwa ba ta ɗaukewa. Da na koma, da an nuna mini ashanar hannu (ɗan tsinken maganin da ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse) mai shekara 3 ko 5, ko robar mahaifa mai kaiwa shekara 10, waɗanda da zarar an cire su mace za ta iya samun ciki. Saboda haka ku tambayi illar kowace hanya tun kafin ku zaɓa, kuma ku bari a auna ku, domin akwai ƙwayar da ba ta dace da mai hawan jini ko sabuwar mai jego ba, abin da mai tallar magani a kasuwa ba zai taɓa tambayar ku ba.

Na kuma ɓoye wa maigidana, ina ganin zai ɗauka na ƙi zuriyarsa ne, ko ya ce addini ya hana. Da na daure na yi maganar, shi ne ya tuna mini cewa Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kuma sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi (SAW), kuma malamai da yawa sun halatta tazara don lafiyar uwa da ɗa idan ma'aurata sun amince. Na san ba duk maza ne haka ba, musamman a gidan da ake gasar haihuwa da kishiya. Wadda take jin nauyin buɗe zancen, ta roƙi mijinta ya raka ta awo ko rigakafin yaro, ya ji bayanin da kunnensa daga bakin ma'aikaciyar lafiya.