Tattabaruna da maganin tsutsa

Wai ni kam na ɗauka sanyi ne ya kama tattabaruna, ga gero suna ci kamar ba gobe amma sai rama, ka ɗauki ɗaya ka shafa ƙirjinta ƙashi kawai za ka ji. Baffa ne ya leƙa ya ce kai yaro duba kashinsu, tsutsar ciki ce.

Ranar Juma'a na shiga kasuwar Wudil na sayo piperazine wajen mai maganin dabbobi, gari ne ana kaɗawa a ruwa yadda aka rubuta a jikin ledar. Wayon shi ne ka kwashe musu ruwa tun dare ka kulle su, in ba haka ba su tafi kududdufi su sha abinsu su bar maka kaskonka, ni ranar farko haka suka min, haushi kamar in yi kuka. Washegari da ƙishi ya ci su sai ga su suna rububi.

Maganin sumar da tsutsar yake ta fito a kashi, baya taɓa ƙwayayenta, shi ya sa zan maimaita bayan sati 2. Ɗakin nasu ma na share tas na zuba sabon yashi.