'Yan inabin da suka kusa cinye min tankin kifi a East Legon

Shekarata ta uku kenan ina bin Masta muna kula da tankunan kifin ado a gidajen masu hali a unguwannin Accra irin su East Legon, Cantonments da Airport, wani lokaci har otal. A unguwar Nima in na faɗi aikina sai a kwashe da dariya, wai kifin da ba a soyawa ba a sa wa miya shi ake biyanka ka yi wa hidima? To haka ne. Yawancin tankunan na ruwan daɗi ne, amma akwai 'yan kaɗan na ruwan gishiri masu murjani mai rai a ciki, waɗannan su ne masu tsada kuma su ne masu tona asirin yaron da bai iya aiki ba.

Na farko da Masta ya sakar min ni kaɗai tanki ne mai lita 400 a falon wata Hajiya. Wata rana ina goge gilashi sai na hango wani ɗan kore kewayayye a jikin dutse yana ƙyalli kamar ƙwayar inabi, wallahi har hoto na ɗauka don kyau ya yi min. Bayan sati biyu sun zama gungu, ni kuma da rawar kaina na ɗauko hantsaki na dinga fashe su ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan, har daɗin ƙarar nake ji kamar yaro da ledar piya wata. Na share hannu na tafi ina ganin na gama aiki. Wata ɗaya bai cika ba suka fito ko'ina, jikin duwatsu, bakin injin ɗaga ruwa, har gindin murjanin da Hajiya ta fi so sun fara danne shi.

Da Masta ya zo ya daɗe yana kallon tankin bai ce komai ba, sannan ya juyo ya ce "kai, fasa su ka yi ko?" Na ce eh Masta. Ya ce to zauna.

Wannan abu gansakuka ce, sunanta a littafi Valonia, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowace ƙwallo ɗaya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, irin wadda a makaranta aka ce mana sai da madubin likita ake gani, amma ita wannan tana iya girma ta kai kusan santimita 5. Tana cikin mafi girman ƙwayoyin halitta guda a duniya. Abin da ke cikinta kuwa in ya watse a ruwa yana iya zama ya haifar da sababbi, kenan ni da hannuna na yi shuka. Masu wannan sana'a suna gardama kan ko fashewa tana yaɗa ta sosai ko a'a, ni dai na ga abin da na gani, ban ƙara fasa ko ɗaya a cikin tanki ba.

Yadda ya koya min cirewa: ka kama ta a gindi ka ɗan murɗa a hankali har ta saki dutsen ɗungurungum, ɗaya hannun kuma yana riƙe da siririn tiyo da ke zuƙe ruwa zuwa bokiti, in ma ta fashe tiyon ya kwashe. In dutsen na ɗaguwa gara ka fito da shi ka yi aikin a bokiti, ka kankare wurin da buroshi, ka ɗauraye da tsohon ruwan gishirin sannan ka mayar. Aiki ne mai cin rai, bayanka ya ƙage hannunka ya yi yaushi. Kuma ba ta buƙatar haske mai yawa, shi ya sa rage fitila bai cika yi mata komai ba, a lungu take ɓuya, ƙarƙashin dutse da cikin bututu inda ido ba ya kaiwa.

Amma cirewa ba ita ce ta fi ba ni kunya ba, ruwa ne. Ƙa'ida ita ce ruwan da ya bi ta na'urar tacewa ta RO/DI kaɗai ake haɗa gishiri da shi ko a cike gurbin wanda zafi ya ƙafar, kuma mitar da ke auna dattin da ya narke a ruwa ta nuna sifili. To kun san famfon Accra, yau ya zo gobe babu, na'urar kuma ɗis ɗis take yi, sai na fara satar hanya ina cika galan ɗin Kufuor, jarkokin nan masu launin rawaya, da ruwan motar tanka ina zubawa, ai ruwa ruwa ne. Ban faɗa wa kowa ba. Masta ya tsoma mita a galan ɗin ya nuna min lambar, ba sai ya yi magana ba. Irin wannan ruwa na iya ɗauke da fosfet da naitret, su ne kuma abincin gansakuka. Na ce amma Masta na gwada fosfet ya nuna kusan sifili, ya ce dole ya nuna sifili mana tunda 'yan inabinka suna shanye shi kafin ka gwada. Wannan maganar ta zauna min a kai har yau. Mu a tankin murjani muna neman fosfet ya tsaya wajen 0.03 a ma'aunin gwajinsa, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025, zafi digiri 25 zuwa 26, kuma lambar kaɗai ba ta isa ba sai ka haɗa da abin da idonka ya gani.

Sai kuma batun abinci, wanda shi ne mafi wuya don ba na kimiyya ba ne. Jikokin Hajiya duk wanda ya wuce sai ya barbaɗa wa kifi abinci, ragowar ta ruɓe a ƙasa. Ya zan ce wa Hajiya jikokinta ke ɓata tanki? Sai na durƙusa na gaishe ta na ce "Hajiya, kifin nan ƙoshi ke musu illa, in kin yarda zan auna na kowace rana a ɗan kwalba, yara su riƙa ba su da kansu bi da bi." Ta ce to ɗana yi yadda ka gani. Yaran ma sai suka mai da shi gasa, kowa na gadin ranarsa.

Mun sayo ƙaguwa biyu, korayen nan na tekun Karibiyan da ake cewa suna cin wannan gansakuka, da tsadarsu tunda daga waje ake shigo da su. Ɗaya ta yi aiki, ɗayar kuwa 'yar hutu ce, abincin kifi kawai take jira. Akwai kifi mai fuskar yanyawa da shi ma kan ci, amma ƙayoyin bayansa na da dafi, Masta ya ce ba da yaran nan masu tsoma hannu ba.

Daga baya muka gano ta inda gansakukar ta shigo, a gindin wani ɗan reshen murjani da aka kawo aka saka kai tsaye. Yanzu duk sabon abu sai ya yi makonni a ƙaramin tanki a shago ina duba shi da tocila. In kuma aka yi dumsor mai tsawo, wato aka ɗauke wuta injinan tanki suka tsaya, washegari da sassafe nake hawa trotro in je, don duk abin da ya mutu a lungu taki ne ga gansakuka.

Wata huɗu muka yi muna canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk sati kafin tankin ya dawo hayyacinsa. Asabar ɗin da ta wuce ma na leƙa bayan injin na tarar da guda ɗaya tana ƙyalli abinta, na je na ɗauko tiyo da bokiti.