Tsohuwar Lamiglas da sababbin zobba: ga inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyon haɗa sandar fatsa, barkanmu da aiki. Sandar nan mai ƙafa 10 da nake gyarawa don kamun kifin teku ta kai matakin naɗin zare, saboda haka bari in ba ku labarin abin da na bari da abin da na yar, da dalilin kowanne.

Ita dai gorar sandar, wato jikinta tsirara ba zobba ba mariƙi, tsohuwar ƙirar kamfanin Lamiglas ce, ta faibagilas (zaren gilashi da aka haɗa da gam), mai ruwan zuma, irin wadda masu su a gaɓar Niyok ta Amurka suka daɗe suna jifa da ita a Montauk lokacin da kifin bas mai ratsi yake ratsowa a kaka. A gwanjo na same ta, zobbanta da igiyar fatsa take bi ta ciki sun yi kore, fentinta ya daddare. Da na lanƙwasa ta a hankali ina saurare ban ji ƙara ko ɗaya ba, kuma bakinta bai gutsure ba. Abin da ake dubawa ke nan kafin a biya kuɗi. Sauran duk ado ne, ana iya sake shi.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi gorar girafait, wato ta zaren kabon, ba a huta? Tun 1973 da kamfanin Fenwick ya fito da sandarsa ta HMG, girafait ya mamaye kasuwa, kuma gaskiya ya fi sauƙi a hannu, ya fi isar da motsin kifi. Sai dai ba ya jure duka. Ya bugi dutse yau, ya karye gobe a tsakiyar jifa. Faibagilas kuwa tana da nauyi, tana da nawa, amma tana lanƙwasawa har kusa da mariƙi, ba ta saurin yage ƙugiya daga bakin kifi. Wanda yake tsayawa kan duwatsu igiyar ruwa na dukansa ya san amfanin wannan.

Ƙa'idar da na bi ita ce: duk inda igiyar fatsa take gogawa ko gishiri yake maƙalewa, sabon kaya zan sa. Gora da injin naɗin igiya su ne za su zauna a tsufansu.

Cire tsofaffin zobba bai ba ni wahala ba. Ɗan zafi daga na'urar busar da gashi, sai reza a kan ƙafar zoben, ƙarfe a ƙarƙashinta, kada ta taɓa gora. Ragowar fenti na kankare da tsohon katin roba, na goge da soso mai laushi. Ku guji samfefa mai kaushi. Da zarar zaren gilashin ya bayyana fari, an ci ƙarfin sandar, ba kuma mai mayar da shi.

Tsofaffin zobban waya ne da aka shafa wa kurom, guda huɗu manya-manya da na baki. A zamaninsu sun yi daidai, domin igiyar nailan ake amfani da ita, mai kauri da taurin kai. Igiya mai kitso da ta yaɗu a shekarun 1990 siririya ce, ba ta miƙewa, tana kwaso yashi, yashin kuma yana sassaƙa ƙarfe. Ku gwada da kanku: ku zura auduga cikin zoben baki ku juya. Idan ta maƙale, akwai tsagi, kuma tsagin nan shi zai yanke igiya ranar da babban kifi ya kama. Nawa ya riƙe auduga sosai. Na maye su da na kamfanin Fuji masu idon tangaran, samfurin K, wanda aka karkata jikinsa gaba don igiya ta zame idan iska ta naɗe ta. Na sama-sama na sa na taitaniyom saboda a can nauyi ya fi cutarwa, na ƙasa kuma na ƙarfe marar tsatsa, domin aljihu ma yana da hakki.

Inda aikin ya ci ni lokaci shi ne jeren zobban. Injin da zan ɗora Penn 704Z ne, na kamfanin da Otto Henze ya kafa a Filadelfiya a 1932. Injin ba ya mutuwa, ciki ba tarkace, mutum zai iya kwance shi ya wanke ya sa giris da sukudireba ɗaya. Amma ƙwarƙwaronsa faffaɗa ne, igiya tana fita daga gare shi da manyan gewaye. Tsarin da Fuji ta fito da shi a 1995, na yawaita ƙananan zobba a matse igiya da wuri, ya fi dacewa da injinan zamani. Idan ka kwafe jadawalin da aka buga ka ɗora a kan wannan tsoho, igiya za ta riƙa marin gora tsakanin inji da zoben farko, jifa ya ragu, ƙulli ya yawaita.

Abin da na yi shi ne na fara da lissafin da maƙeran sanda suka saba: a auna faɗin bakin ƙwarƙwaro, a ninka sau 27, nan ne wurin da igiya za ta gama matsewa ta kwanta kusa da gora. A ce faɗin milimita 70 ne, wurin zai faɗo kusan santimita 189 daga bakin ƙwarƙwaro. A kan sanda mai ƙafa 10, bayan an cire tsawon mariƙi, wannan ya kusa kai wa baki, ƙananan zobba biyu ko uku kaɗai za su samu wuri. To, lissafi mafari ne kawai. Na liƙa zobban da salatif, zoben farko mafi girma lamba 40, sai 25, sai 16, sai 12, sauran lamba 10, na fita fili da dalma ina jifa ina saurare. Marin igiya yana da sauti, kunne yana kama shi kafin ido. Da na matsar da zoben farko gaba kaɗan, sautin ya ɗauke. Daga nan na ɗaure nauyi a baki na lanƙwasa sandar, ina duba ko igiya tana bin lanƙwasar ba tare da kusurwa mai kaifi ba. Inda na ga kusurwa na ƙara zobe ɗaya. Faibagilas tana lanƙwasawa da zurfi, don haka tana neman zobe a tsakiya fiye da yadda mutum zai zata.

Mazaunin inji na asali tagulla ne mai rufin kurom, kyakkyawa ƙwarai, na so in bar shi. Da na kwance sai na tarar salatif ɗin takarda da aka cika ƙarƙashinsa da shi ya sha ruwa ya ruɓe, zaren sukurun kuma gishiri ya cinye shi. Na ajiye shi a durowa, na sa na Fuji na roba mai ƙarfi. Ga masu son na alminiyom: idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a ruwan gishiri, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyom ne yake shan kashi. A ƙarƙashi na naɗa tef mai raga irin na masu gyaran bango, domin gam yana ratsa shi ya zama dunƙule guda, ruwa ba ya samun mafaka.

Zaren naɗi kuwa na yi sa'a, na samu tsohon zaren nailan na kamfanin Gudebrod mai ruwan ƙasa da na zinariya, kalar da sandar ta zo da ita. Tsohon nailan yana iya yin rauni, saboda haka na ja guntu na tsinka kafin in yarda da shi. Na fere ƙafar kowane zobe da magagari har ta yi siriri, zare ya hau ba tsalle, na yi shimfiɗar zare a ƙarƙashin manyan zobba uku kada ƙarfe ya ci gora. Ku tuna nailan yana duhu idan gam ya jiƙa shi, kamar yadda shadda take canja launi in ta sha ruwa. Na naɗa guntu a gindin gora, inda mariƙi zai rufe, na shafa na gani tukuna. Ruwan ƙasan ya yi duhu har ya fi kyau, na zinariyar kuwa ya dushe, don haka shi kaɗai zan shafa wa maganin riƙe kala.

Abin da ya rage shi ne ifoksi, gam mai ɓangare biyu da ake haɗawa a shafa a kan zare. Kashi ɗaya na kowane ɓangare daidai wa daida, da sirinjin da aka yi don wannan aikin, domin na asibiti yana da man silikon da ke hana gam kwanciya. Shafi biyu sirara nake shirin yi, ba ɗaya mai kauri ba, in cika ramin da ke gefen ƙafar kowane zobe, don ta nan ruwan gishiri yake shiga. Ɗakin da nake aiki yana da sanyi yanzu, ifoksi kuma ba ya bushewa da kyau a sanyi, saboda haka sai na ɗumama shi kafin in kunna injin juya sanda. Wanda ya taɓa ɗora injin Penn 706Z a kan irin wannan gora, ina son jin tazarar da ya bari tsakanin inji da zoben farko.