Talata, ranar wankin ƙoda

Yau ma da sassafe muka fita. Wata bakwai ke nan da Maigida ya fara wankin ƙoda, sau 3 a mako, kowane zuwa awa 4 yana kwance, na'ura na jan jininsa tana tacewa tana mayar masa. Na saba da ƙararta har cikin barci nake jin ta.

Da zuciya biyu na tashi, don yau ne za mu ji sakamakon gwajin ƙaninsa, wanda ya ce zai ba shi ƙoda ɗaya. Likita ya ce rukunin jininsu ya dace. Saura gwajin da ake haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa, a ga ko jikin Maigida zai yaƙi ƙodar, kuma wannan sai an sake shi. Na ce yaushe? Ya ce za a kira mu. Ba e, ba a'a. Da a'a ce ma da na san inda zan zauna in yi kukana.

Wajen tsakar rana wata 'yar'uwa daga ikilisiyarmu ta zo dubiya. Na san da kyakkyawar niyya ta zo. Amma bayan gaisuwa sai ta ja ni gefe ta ce, "Mama, ku binciki kanku, ƙila akwai abin da ba ku tuba a kai ba. Ki ƙara bangaskiya." Na ce mata na gode, cikina kuwa na tafasa. Abokan Ayuba ne suka faɗo mini a rai. Kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan shirun ne mafi alherin abin da suka yi masa. Suna buɗe baki suka shiga tonon laifinsa. A sura ta 42 ta Littafin Ayuba kuwa waɗannan abokan, wato Elifaz da sauran biyun, Ubangiji ya yi fushi da su, ba Ayuba ba, mutumin da ya la'anci ranar haihuwarsa. Ban faɗa mata ko ɗaya ba. Na raka ta bakin ƙofa kawai.

Da na dawo, Maigida ya ce in karanta masa wani abu. Na buɗe Zabura 23. Ya girgiza kai ya ce, "Ba yau ba, Maman yara. Duba ta 88."

Na daɗe ban karanta ta ba, kuma da na fara na gane dalili. Aya 18 gare ta, babu ko ɗaya da ke cewa komai zai yi daidai. Yawancin zaburan kuka sukan juya su ƙare da yabo. Wannan ba ta juya ba. Heman, marubucinta, ya ce ransa ya ƙoshi da wahala, abokai sun guje shi, ya tambayi Ubangiji don me ya ɓoye masa fuska, ya rufe da maganar duhu. Muryata ta yi ta rawa. Sai dai tun daga ayar farko har ta ƙarshe da Allah yake magana, kuma Allah na cetonsa ya kira shi. Bai je ya yi gunaguninsa a bayan ido ba, gabansa ya kawo.

Maigida ya rufe ido, har na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Kin ga, wannan ma an bar ta a cikin Littafin."

Ya fito a galabaice, jiri na ɗibarsa, kamar kullum bayan wanki. Yanzu yana barci. Yara sun tambaye ni abin da likita ya ce, na gaya musu gaskiya, sai an sake gwaji.

Na durƙusa yin addu'a, kalmomi suka ƙi zuwa. Abin da ya fito shi ne, "Ubangiji, na gaji, kuma ban gane abin da kake yi ba." Na maimaita har sau uku, na ce amin. Sai na ƙara ƙarar wayata ko za a kira, na haɗa jakar ranar Alhamis.