Taswira, rula da layin farko na shirin darasi

Na yi shekaru ina buɗe shirin darasina da jimla iri ɗaya: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su fahimci kaza." Yau ma'aunin taswira, gobe zagayowar ruwa, jibi ire-iren duwatsu. Kalmar da ke bayan "fahimci" ce kawai take canzawa. Labarin ƙasa nake koyarwa, ina son darasin, kuma da zuciya ɗaya nake shirya shi. Amma wancan layi na sama na ɗauke shi abin da ake cikewa don mai duba littafi ya sa hannu, a wuce wurin.

Akwai wani dattijon malami da yake duba mana shirin darasi. Wata rana ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malama, in na shigo ajinki bayan an kaɗa ƙararrawa, me zan gani da idona, ko in ji da kunnena, da zai nuna mini yaran nan sun fahimta?" Na ce, "Malam, ai a fuskokinsu za ka gani." Bai ja maganar ba. Ya sa hannu ya miƙo mini littafin, ya ce in riƙe tambayar tasa. Ban ji nauyinta ba sai da fuskokin suka ɓace.

A ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Zuwa watan Afrilu, hukumar UNESCO ta ce ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne rufe makarantu ya shafa. Ni ma na tsinci kaina a gaban kwamfuta ina koyarwa ta Zoom. Yawancin yaran suna rufe kyamara, wasu don sabis ɗinsu ba ya ɗauka, wasu don data, wasu don kunya. Abin da ke gabana baƙaƙen akwatuna ne, kowanne da suna a ƙasansa. In na yi bayani na minti ashirin na ce, "Kun gane?" sai shiru ya biyo baya, can wani ya rubuto, "E, Malama." A aji, gyaɗa kai da kallon da yaro yake yi mini su ne hujjata. Da aka ɗauke su, sai na ga ba ni da wata hanya ta sanin ko darasin ya shiga. Wannan ya dame ni ƙwarai, har ya kan hana ni barci, domin yaran nan amana ce a hannuna.

A lokacin ne na shiga wani horo na malamai ta intanet, kuma abu na farko da aka sa mu yi shi ne sake rubuta manufofin darussanmu, wato wancan layi na farko na shirin darasi. A nan na san aikin Robert Mager, wani masani Ba'amurke da ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a 1962 a kan wannan batu kaɗai. Ya ce manufa mai amfani tana faɗin abu uku: aikin da ɗalibi zai yi wanda za a iya gani ko a ji, halin da zai yi shi a ciki, wato abin da za a ba shi ko a hana shi, da kuma gwargwadon da za a karɓa a ce ya iya. Ya ja kunne a kan kalmomi irin "sani" da "fahimta", domin kowa da yadda zai fassara su. Ina karantawa ina jin muryar dattijon nan. Tambayarsa ce, ba a rage komai ba.

An kuma koya mana matakan tunani da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956, waɗanda Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci sabunta su a 2001: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, ƙalailaicewa, yanke hukunci, sai ƙirƙira a can sama. Da na jera tsofaffin tambayoyin jarrabawata a kan wannan tsani, kusan duka a matakin farko suka tsaya. Ina rubuta "fahimta" a manufa, ina auna hadda a jarrabawa.

Sai na ɗauko darasin ma'aunin taswira na sake masa manufa kamar haka: "Idan aka ba ɗalibi taswira mai ma'aunin 1:50,000 da rula, zai lissafa ainihin nisan da ke tsakanin wurare biyu da kilomita, ya samu aƙalla huɗu cikin biyar daidai." Na ji daɗin jimlar. Ga aiki, ga hali, ga gwargwado. Na ɗauki hoton taswirar na ɗora a Google Classroom, na ce su auna tsakanin makaranta da gada su turo mini amsa. A takardar da ke hannuna tazarar santimita 4 ce. Kowane santimita ɗaya yana wakiltar santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500, don haka amsar kilomita 2 ce.

Da amsoshin suka fara shigowa sai kaina ya ɗaure. Wani ya ce mita 750. Wata ta ce kilomita 4 da rabi. Mutum ɗaya ce kawai ta ce kilomita 2. Na fara tunanin ko bayanina ne bai fita ba, har na shirya maimaita darasin daga farko. Kafin nan na ce kowa ya ɗauko hoton aikinsa yadda ya yi shi, mataki-mataki. Da na duba, babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Mai mita 750 ya ɗora rularsa a kan fuskar ƙaramar waya, ya samu santimita ɗaya da rabi, ya ninka da 500 kamar yadda na koya masa. Mai kilomita 4 da rabi a kwamfuta ta buɗe hoton, ta samu santimita 9. Wadda ta dace da amsata kuwa bugawa ta yi a takarda daidai girmansa. Wani yaro ma ya rubuto, "Malama, in na buɗa hoton da yatsuna nisan yana ƙaruwa, wanne zan ɗauka?" Wannan yaron ya riga ni gano matsalar.

Ma'aunin 1:50,000 gaskiya ne muddin taswirar tana nan a girman da aka buga ta. Da zarar an ƙara mata girma ko an rage, lambar ta tashi daga aiki. Abin da ba ya ruɗi shi ne layin ma'auni da ake zanawa a ƙasan taswira, domin yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton. Na san wannan tun ina ɗaliba, amma ban taɓa buƙatar tuna shi ba, tunda a aji kowa takarda iri ɗaya nake raba masa. Kashi na biyu na Mager, wato halin da za a yi aikin a ciki, shi ne na rubuta ba tare da na kalli halin da yaran suke ciki da gaske ba. Na rubuta "taswira da rula" ina hango tebur da takarda, su kuwa waya ce a hannunsu. Da na tsaya a kan amsar ƙarshe kaɗai, da na ba da sifiri ga yaran da suka iya, na kuma ɓata musu mako guda ina maimaita abin da suka sani.

Na gyara manufar: za a ba ɗalibi hoton taswira mai layin ma'auni, ya yi alama a gefen takarda, ya gwada da layin ba tare da ya taɓa girman hoton ba, ya faɗi nisan. Na ƙara wata manufa da ba ta cikin shirina da farko: ya bayyana da bakinsa dalilin da ya sa rula ta ba su amsoshi daban-daban. Wannan ta biyun ta fi ta farkon daraja a wurina.

Daga nan ne alaƙata da kayan fasaha ta canza. A makonnin farko riga malam masallaci nake yi: in ga sabuwar manhaja, ta burge ni, sai in fara neman darasin da zan cusa a cikinta. Grant Wiggins da Jay McTighe sun bayyana wata hanya a 1998 da ke farawa daga ƙarshe: a fara tsayar da abin da ake so ɗalibi ya iya, sannan shaidar da za ta nuna ya iya, sai a ƙarshe a zaɓi ayyuka da kayan aiki. Da na bi wannan jeri, manhajoji da yawa suka fita daga shirina da kansu. In manufar ita ce yaro ya ambaci sunayen nahiyoyi bakwai, tambayoyin zaɓi a Google Forms sun wadatar, kuma na'ura za ta yi makin. In manufar ita ce ya yi bayani, saƙon murya na minti ɗaya ya fi min komai. In lissafi ne, hoton takardarsa nake so, da duk gogen da ya yi.

Bidiyo ma na rage masa tsawo. Wani bincike da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 a kan kallon bidiyo kusan miliyan 7 a edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna yawancin masu kallo ba sa wuce kamar minti shida, komai tsawon bidiyon. Masu karatu a wancan dandali galibi manya ne, amma abin da na gani a wurin yarana bai saɓa ba. Yanzu manufa ɗaya, bidiyo ɗaya gajere, sai aiki nan take. Ya fi sauƙin saukewa ga mai raunin sabis, ya kuma tilasta mini sanin abin da nake so in faɗa kafin in danna maɓallin ɗauka.

Akwai inda nake taka-tsantsan da wannan ilimi duka. Abin da ya fi sauƙin aunawa shi ne ya fi jan malami, musamman idan na'ura ce za ta yi maki. Mutum zai iya cika zango guda da manufofi masu kyan tsari, kowacce da kashinta uku, alhali duk a matakin hadda suke. Kuma akwai abubuwan da nake fata ga ɗalibaina da ba sa shiga jimlar "huɗu cikin biyar": yaro ya so taswira, ya riƙa mamakin yadda aka ninke ƙasa mai faɗi a cikin takarda. Ban daina fatan wannan ba, kuma ba na yarda a ce abin da ba a iya aunawa ba shi da muhimmanci. Abin da na daina shi ne fakewa da shi don kada in faɗi abin da za a iya gani.

Saboda haka a ƙarshen babin na rubuta manufa a matakin sama: kowane ɗalibi zai auna ɗakin da yake kwana, ya zaɓi ma'auni da kansa, ya zana taswirar ɗakin a takarda ɗaya da layin ma'auni a ƙasa, ya turo hoto da saƙon murya yana faɗin dalilin zaɓinsa. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a Zoom ba ta turo nata da daddare. Zanen fensir ne, ga ƙofa, ga taga, ga gado, an goge bango ɗaya an sake ja. A saƙon ta ce, "Malama, ɗakin mita 4 ne da mita 3. Da farko na ɗauki 1:10, sai na ga dogon bangon zai ci santimita 40, takardar ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa na koma 1:20, ya zama santimita 20 da 15. Kuma na zana layin a ƙasa, ko kin ƙara girman hoton ba zai ɓaci ba."

Na saurari saƙon sau uku. Washegari na nemi izininta, na tura wa dattijon malamin nan hoton da muryar, na rubuta masa, "Malam, ga amsar tambayarka ta wancan lokaci." Ya amso da cewa in turo masa manufar darasin mako mai zuwa ya gani.