Saƙon Godiya ga Uwar Masaukinmu a Jos

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi kafaɗun 'yarmu, ni da mai ɗakina muna miƙa godiya ta musamman ga dattijuwar da ta sauke mu kwana tara a ɗan masaukinta da ke kusa da titin Bauchi a Jos, lokacin da aka yi wa yarinyar tiyatar gaggawa tana shekararta ta ƙarshe a Jami'ar Jos. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, saboda haka zan kira ta Mama, kamar yadda kowa yake kiran ta a gidan.

Da magariba aka kira mu a waya, muka baro Bauchi ba shiri, ko rigar sanyi ba mu ɗauko ba, alhali watan Janairu ne, kuma duk wanda ya san garin nan da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ya san sanyin hunturunsa har ƙashi yake ratsawa. Ɗakuna shida ne kacal a gidan, yawanci iyayen ɗalibai ne ke sauka, kuma kuɗin ɗaki ya haɗa da karin kumallo da ƙarfe takwas na safe. Da Mama ta lura tun ƙarfe shida muke fita zuwa asibiti, sai ta sauya lokacin girkinta saboda mu. Kullum muna samun kunun gyaɗa a fulas, da soyayyen dankalin turawa da ƙwai a kwano mai murfi. Ranar da likita ya ce yarinyar ta fara cin abu mai ruwa-ruwa, Mama da kanta ta dama kunun acca ta bi mu da shi har bakin gadon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan alwala. Mama Kirista ce, amma a daren farko ta kawo darduma wankakkiya, ta nuna wajen taga ta ce, "Alhaji, ga gabas nan." Tun daga ranar, kafin kiran assalatu, sai mun tarar da bokitin ruwan zafi a bakin ƙofa yana tururi. Ta ce marigayi mijinta ya yi aiki a jami'ar tun ba a daɗe da raba ta da Jami'ar Ibadan ba a 1975, shi ya sa take ɗaukar kowane ɗalibi tamkar ɗanta.

Muna kuma godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, da ƙawayen yarinyar da suka riƙa zuwa daga ɗakunan kwanansu na Naraguta suna karɓar mahaifiyarta jinya, da yaron gidan da ke tayar da janareta idan an ɗauke wuta domin mu yi cajin waya.

Ranar da za mu tafi, Mama ta ƙi karɓar ko sisi a kan kuɗin ɗaki, ta kuma sa aka ɗora mana kwandon dankali da kabeji daga kasuwar Farin Gada a mota. Mama, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'arki. In Allah ya kai mu bikin yaye ɗalibai, a gidanki za mu sauka.